Wa Ke Riƙe da Akala?

Duk wanda ya tashi a ƙauye a cikinmu ba zai manta da rigimar kaka ba. Gero ya nuna, ana shirin girbi, sai a wayi gari shanu sun shiga gonar wani sun yi mata kaca-kaca. Mukan bi iyayenmu zuwa ƙofar mai unguwa, in abin ya gagara a wuce gaban alƙali. Ba mu taɓa jin an ce a kirawo saniya ta yi bayani ba. Abin da ake fara tambaya shi ne, da rana aka yi ɓarnar ko da dare? Domin a fiƙihun Malikiyya, tsaron gona da rana yana wuyan mai ita, ɓarnar dare kuwa mai dabba ne zai biya. Malamai sun ɗauko wannan daga hukuncin da Manzon Allah (SAW) ya yanke kan taguwar Barra'u ɗan Azib da ta shiga gonar wani mutum. Dabba ba ta da hankali, don haka ake neman wanda ya kamata a ce akala tana hannunsa a wannan lokaci.

Abin da ya tuno mini da wannan shi ne wani labari da muka ji a rediyo, muka girgiza kai, muka manta. Daren Lahadi, 18 ga Maris 2018, a garin Tempe na jihar Arizona a Amurka, wata mata mai shekara 49 tana tura kekenta za ta tsallaka titi, sai wata motar kamfanin Uber mai tuƙa kanta ta buge ta, ta rasu. Motar gwaji ce ƙirar Volvo, ƙirƙirarriyar basira ce ke jan ta, an dai ajiye ma'aikaciya ɗaya a kujerar direba don ta karɓe sitiyari in ta ga abin da bai yi mata ba.

Yau mun saba da wannan basira har muna tambayar ta maganin ciwon kai. A lokacin kuwa, yawancinmu almara muka ɗauke ta.

Binciken hukumar kula da lafiyar sufuri ta Amurka ya fito da abin da ya fi haɗarin kansa ɗaure kai. Na'urar motar ta hango matar daƙiƙa 5.6 kafin karo. Sai ta yi ta sauya shawara: yanzu ta ce mota ce, an jima ta ce keke ne, can ta ce wani abu ne daban. Waɗanda suka tsara manhajar ba su koya mata cewa mutum yana iya tsallaka titi a inda ba a shata masa ba, abin da kowane ɗan acaɓa ya sani tun ranar da ya fara hawa babur. Birkin gaggawa da Volvo ta sa wa motar, kamfanin Uber ya kashe shi. Da na'urar ta gane karo ya zo, an tsara ta ne ta dakata daƙiƙa ɗaya kafin ta taka birki. Kafin nan ma, mutum biyu ake sawa a kowace motar gwaji, aka mayar da su ɗaya. Ita kuma ma'aikaciyar idonta ba ya kan hanya. 'Yan sanda suka ce shirin talabijin take kallo a waya, lauyoyinta suka musanta.

To, wa ke riƙe da akala? A ɓangaren diyya abin bai ja ba, cikin 'yan kwanaki kamfanin ya sasanta da iyalan mamaciyar, ba a bayyana adadin kuɗin ba. Inda gizo ya yi saƙa shi ne shari'ar laifi. Ita tana neman niyya ko ganganci ko sakaci, kuma tana neman su a zuciyar wani mutum da za a iya nunawa da yatsa. Manhaja ba ta da zuciya, ba a rantsar da ita, ba a kai ta kurkuku. Injiniyoyin kuwa suna da yawa, kowa ya ɗinka nasa ɗan yanki, laifi ya zama kamar gishirin da ya narke a miya, ana jin sa a baki amma ba a iya tsamo shi. A Maris 2019 mai gabatar da ƙara ta ce babu hujjar tuhumar Uber da laifi.

Ni dai a nan nake ganin an manta da abin da alƙalanmu na dā suka riƙe. Ba yaron da aka tura kiwo kaɗai ake kallo ba, ana tambayar wanda ya saki garke da dare bayan ya san babu shinge. Ba na wanke ma'aikaciyar, an biya ta ne don ta kalli hanya. Amma wanda ya cire birki ya rage mai tsaro, shi ma ai hannunsa ya taɓa igiyar.

A 2020 aka gurfanar da ma'aikaciyar bisa zargin kisa ta hanyar sakaci. Sai a Yulin 2023 ta amsa wani laifi da bai kai wannan ba, na jefa rai cikin haɗari, aka yanke mata ɗaurin talala na shekara uku, hukuma na sa mata ido ba tare da an kai ta gidan yari ba. Uber kuwa tun Disamban 2020 ya sayar da sashensa na motoci masu tuƙa kansu ga kamfanin Aurora, ma'aikaciyar tana can tana jiran ranar shiga kotu.