Zoben daimon ba gatan amaryar Kance ba ne

Bidiyon saurayi durƙushe da zoben daimon a hannu ya cika wayoyin matasa, kuma Kance ba ta tsira ba. A Amurka, matsakaicin kuɗin zoben baiko ya kai dalar Amurka 5,000, wato kusan CFA miliyan 3. Mai daimon ɗin masana'anta kan sauko zuwa kimanin dala 1,000. A Nijar, inda mafi ƙarancin albashi yake jika 42, na farkon zai cinye gumin kusan shekara 6.

Al'adar ma kamfanin De Beers ne ya bunƙasa ta da talla tun ƙarshen shekarun 1930, daga baya ya ce albashin wata 2 ya dace a kashe.

Babban aibin zoben sai ranar ƙunci yake bayyana. In aka kai shi kasuwa, da wuya a samu rabin kuɗinsa. Zinare kuwa awo ake yi a biya nan take, a Damagaram ko a Kano. Tunkiya haihuwa take yi.

Kance ta san ranar ƙunci. A watan Oktoban 2013 mutum 92, akasarinsu mata da yara 'yan yankin, ƙishirwa ta kashe su a hanyar Aljeriya wajen neman abin rufin asiri. Ɗan Kance da ya taro kuɗi a ƙetare, gara ya ƙara wa amaryarsa sadaki: sarƙar zinare, tumaki, ko gona da sunanta a takarda.