Tunuga: kwamin mai iyaka biyu da ake mulka da lissafin 2012

Wanda ya bar Gaya ya bi gaɓar kogin Isa ya yi gabas, ƙaramar hukuma ta ƙarshe da zai taka kafin Najeriya ita ce Tunuga. Jihar Kebbi na gabas da ita, Jamhuriyar Benin kuma na tsallaken ruwa. Tana cikin kwamin shida na gundumar Gaya, tare da Gaya kanta, Bana, Bengu, Tanda da Yelu.

Ƙidayar jama'a ta watan Disamba 2012 ta samu mutum sama da 40,000 a kwamin ɗin. Wannan ita ce ƙidaya ta huɗu a Nijar, wadda ta nuna ƙasar na da mutum miliyan 17 da ɗoriya, kuma jama'a na ƙaruwa da kashi 3.9 cikin 100 a shekara. Da irin wannan gudu, shekara 18 ta isa adadin ya ninka. Ke nan jaririn da aka ƙidaya a goye a 2012 yau ya wuce firamare, ƙannensa kuwa babu su a wancan lissafi sam.

Abin bai tsaya a takarda ba. Da yawan jama'a ake tsayar da kujerun kansila, da shi ake auna ajin makaranta, allurar rigakafi da rijiyar burtsatse. Idan lissafi ya tsufa, ƙauyen da ya fi cika shi ya fi cutuwa.

A Tunuga kuwa ƙidayar ma da wuya take. Masunta na bin ruwa, makiyaya na bin ciyawa, matasa na tafiya cin rani bayan girbi. Dole ta Nijar da Dole Kaina ta Najeriya dangi ne, aure da kasuwa sun haɗa su, naira da sefa na yawo a aljihu guda. Macen da naƙuda ta kama ba ta tambayar ina iyaka take, likitar da ta fi kusa take nema.

Nan ne aikin ma'aikatar magajin gari ya fi nauyi. Dokar 2002 ce ta kafa kwamin-kwamin na ƙasar, aka yi zaɓen kansiloli na farko a 2004, aka damƙa musu takardun haihuwa, aure da mutuwa, da karɓar harajin kasuwa. A garin iyaka, takardar haihuwa ita ce shaidar farko ta zama ɗan ƙasa. Wanda aka yi sakaci har wa'adin rajistarsa ya wuce, sai an je gaban alƙali, galibi kuma iyaye ba sa tunawa sai jarrabawa ta matso.

Tun juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 lissafin ya ƙara rikicewa. Takunkumin CEDEAO ya rufe iyakokin biyu lokaci guda. Ta Najeriya ta buɗe a watan Maris 2024, amma Yamai ta bar gadar Gaya zuwa Malanville a rufe, jama'a suka koma kwale-kwale. A watan Afrilu 2024 kuma Janar Abdourahamane Tiani ya rushe majalisun ƙananan hukumomi, aka naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓu.

Masu goyon bayan matakin na cewa kansiloli da dama sun gaza, kuma ba duka maganar ce ƙarya ba. Sai dai kansila, ko da rago ne, ɗan ƙauye ne: ya san gidan da aka yi suna, ana iya tare shi ranar kasuwa a yi masa ƙorafi. Kantoma kuwa wanda ya naɗa shi yake ba bahasi. Har zuwa ranar da za a fitar da sakamakon ƙidaya ta biyar, da alƙaluman 2012 da littafin masu gari zai riƙa sanin mutanen da aka ba shi.