Sharhi: Walƙiyar Da Ta Kwana Shekara Shida A Ajiya



Sama da shekara ashirin masana taurari suka yi suna lissafi yana ƙin cika. Kayan da aka halicce mu da su, mu da ƙasa da rana, ba su wuce kashi 5 cikin 100 na abin da sararin samaniya ya ƙunsa ba. Ɗan wannan ma da aka zo ƙirgawa sai aka tarar kusan rabinsa babu shi, babu labarinsa.

Ku tuna hazon hunturu. Ka buɗe tafin hannunka ba ka ga ƙura ba, amma dutsen bayan gari ya ɓace maka. Haka wannan kaya yake, iska ce mai zafi, akasarinta haidirojin, ta bazu tsakanin gungun taurari, ta yi sirantar da ido ba ya kama ta. Sai abin da ya ratsa ta daga nesa ne zai tona asirinta.

Abin da ya ratsa ta kuwa wata walƙiyar rediyo ce, wadda ba ta kai ƙiftawar ido ba. Gajerun igiyoyinta kan riga dogaye isowa, kuma tazarar da ke tsakaninsu ita ke nuna yawan iskar da ke hanya. Da wannan ma'auni Jean-Pierre Macquart da abokan aikinsa suka cike giɓin a 2020, da na'urar ASKAP mai faranti 36 a yammacin Ostareliya. A 2025 aka sake aunawa da walƙiya 69, aka samu kusan kashi 76 cikin 100 na kayan yana can tsakanin gungun taurarin.

To, ga inda nake so ku tsaya. Irin wannan walƙiyar ta farko da aka gano, wata na'ura mai suna Parkes ce ta naɗe ta tun 2001, ba wanda ya lura. Sai a 2007 Duncan Lorimer da ɗalibinsa suka ci karo da ita suna tonon tsofaffin bayanai. Shekara shida tana kwance a ajiya. Shekara shida! Da an share ta fa?

Shi ya sa masu riƙe da lalitar bincike ke ba ni takaici, masu gaggawa, waɗanda kullum tambayarsu ita ce me aka samu bana. Gaggawa ce ke sa a ce tsohon bayani ya cika wuri. Gaggawa ce ke sa a sallami mai kula da ma'ajiya, a bar fayil ga gara da ɗigon damina. Ni da idona na ga kundin binciken ɗalibai an tara a lungu, ɓera ya cinye gefensa.

Don Allah, wanda duk Allah ya ɗora wa amanar ma'ajiya, ko ta jami'a ko ta gidan rediyo, kada ya zubar da abin da bai gane amfaninsa ba tukuna. A ba masu tono lokaci, a biya su haƙƙinsu.

Mu kwana lafiya.