Tsohon gwanin keke da ranar komawarsa bisa sirdi

Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin gudro tsakanin Cadawa da Agye a ranar kasuwa ya ga wani abu da ido ya saba da shi har ya daina lura. Magidanci ne zai ɓullo daga hanyar ƙauye, buhun aya ɗaure bisa kariya, wataƙila da kaji biyu rataye a ƙahon keke. Rairayi ya kama ƙafar gaba, sai ya miƙe tsaye bisa feda, ya karkata nan ya karkata can, har ya iso gaɓar kwalta inda ruwan damina ya zaizaye ƙasa ya bar ɗan tudu. Nan zai dakata kamar ƙiftawar ido babbar mota ta shige, tafin ƙafarsa bai taɓa ƙasa ba, sa'an nan ya fizgi ƙafar gaba ya haye. Babu mai tafa masa. Alhali kuwa a Turai akwai inda ake rataya wa mutum lambar zinariya saboda irin wannan aiki.

Wasan nan Faransawa da Ingilishi duka suna kiransa «tiriyal». Ba tsere ba ne, domin ba wanda ya riga isa ake nema ba. Ana shata wani ɗan fili da kirtani, a cika shi da duwatsu, da gungumen itace, da manyan bututun siminti, a ce wa mahayi ya ratsa cikin minti 2 ba tare da ya sa ƙafa a ƙasa ba. A tsohon lissafi, kowane dira ƙafa laifi ɗaya ne, wanda ya tara 5 ya faɗi a wannan fili, kuma mai ƙarancin laifi shi ne zakara. Daga baya hukumar keke ta duniya, UCI, ta juya lissafin: an raba kowane fili kashi 6, duk kashin da aka ƙetare lafiya maki 10 ne. Asalin wasan daga babur ne. A yankin Kataloniya na ƙasar Sifen, a ƙarshen shekarun 1970, wani gwanin babur na kamfanin Montesa mai suna Pere Pi ya ƙera wa ɗansa Ot Pi ƙaramin keke don ya koyi hannu kafin ya isa hawan babur. Yaron bai bar keken ba, ya zama zakaran duniya sau da dama, uban kuma ya kafa kamfanin kekuna na Monty a 1983.

A jihar Maraɗi ba a san wannan suna ba, amma an san gwaninta. Lokacin da gyaɗa ke da daraja, kafin farin 1973 da 1974 ya karya ta, saurayin da ya sayar da amfanin gonarsa abu biyu yake fara tunani: rediyo da keke. Raleigh na Ingila shi ne sarki, daga baya Phoenix na Sin ya shigo da rahusa. Ana naɗe ƙarfen da roba mai launi, a ɗaura madubai fiye da bukata, a wanke shi kamar dokin sarki. Mushen lakkol da ke ƙauye da shi yake zuwa karɓar albashi, malamin gona da shi yake zagaye, ɗan koli da shi yake cin kasuwa uku a mako. A zamanin samariya kuwa, wato shekarun mulkin Seyni Kountché daga 1974 zuwa 1987, da wuya a rasa saurayi guda a gari da aka sani da wasan keke: sakin hannu, hawa da baya, tsayuwa bisa sirdi, ɗaukar dala daga ƙasa ana cikin tafiya. Kokowa ta samu takobi da filin wasa tun 1975, sa'ad da Kantu na Maraɗi ya ɗauki na farko a Tawa. Wasan keke bai samu kome ba sai guɗar ƴan mata ran Salla, kuma a wancan lokaci hakan ya ishi mai yi.

Abin da ya kashe wannan ba ɓoyayye ba ne. Daga farkon shekarun 2000 baburan Sin suka cika kasuwa, mai kuma ga shi nan cikin kwalabe bakin kowace hanya, yana shigowa daga Jibiya ta Ɗan Isa da sauran ɓarayin hanyoyi, da arahar da gwamnatin Nijeriya ke biya. Kabu-kabu ya zama sana'a. Keke ya koma abin yara da na wanda bai da hali, har ma'aikacin da aka gani a kansa sai a fara tambaya ko an riƙe masa albashi ne. An jingine shi bayan rumbu, kaji suka mai da shi wurin kwana.

Sai kiɗa ya canza. Ran 29 ga Mayu 2023 shugaban Nijeriya Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, farashi ya kusan ninka uku a can, kwalbar bakin hanya a nan ta bi sahu. Wata biyu bayan haka, juyin mulkin 26 ga Yuli ya jawo rufe iyaka har zuwa 2024. A watan Maris 2025 kuma aka ga dogayen layuka a gidajen mai cikin ƙasa, duk da matatar SORAZ da ke aiki a Damagaram tun 2011. Mai lissafi ya yi lissafinsa. Daga Tibiri zuwa Maraɗi ba tafiyar da ta fi ƙarfin keke ba ce, haka nan daga ƙauyukan Gangara zuwa Gazawa, wadda ta zama gunduma mai zaman kanta a 2011 ta kuma samu burorin da sai an je. Tsohon ƙarfe ya fito daga bayan rumbu, aka kai wa mai faci.

Da a nan maganar ta tsaya, da ba a rubuta ta ba, domin tafiya buro bisa keke ba ta da wani haɗari fiye da na motocin da ke gudu tsakanin Gidan Rumji da Ƙonni. Haɗarin yana ga tsohon gwani. Ƴaƴansa suna kallon bidiyo a salula, irin na Danny MacAskill, mutumin tsibirin Skye na ƙasar Sikotlan, wanda a watan Afrilu 2009 ya hau shingen ƙarfe da bango a birnin Edinbara bisa keke, miliyoyin mutane suka kalla a YouTube. Yaro ya nuna wa ubansa, uban ya yi dariya ya ce ai wannan kafin a haife ku ake yi. Yaro ya ce: «Baba, a nuna mana mana.» Mutumin da ya yi shekara 25 bayan teburin buro ko bisa tabarmar shago, tumbi ya riga shi shiga ɗaki, sai ya naɗe ƙafar wando. Abin mamaki shi ne, minti na farko yakan yi kyau. Wannan kyan shi ne tarkon.

Akwai labarin wani Bature da ya kamata irin wannan magidanci ya sani, ba don a tsorata shi ba kaɗai. Martyn Ashton ɗan Ingila ne, an haife shi a 1974, ya ci kambun duniya na tiriyal a ajinsa a 1995, ya kuma yi shekaru yana rayuwa da nuna wasa gaban jama'a. A 2012 ya ɗauki keken tsere, irin wanda aka ci tseren zagaya Faransa da shi a wannan shekara, ya yi masa hawan duwatsu, duniya ta yi mamaki. Ran 1 ga Satumba 2013, a filin Silverstone, yana cikin nuna wasan da ya yi ba adadi, ya faɗo da baya daga tsayin mita 3. Ƙashin bayansa ya goce, daga ƙugu zuwa ƙasa ya mutu. Wannan mutum ba hutu ya yi ba, ba tumbi gare shi ba, hannunsa bai yi tsatsa ba, kuma ya faɗi.

Sauran labarin ya fi farkonsa. A 2015 Ashton ya koma bisa keke mai ƙafa biyu, ba mai uku ba, a wani tsauni na arewacin Wales da ake kira Antur Stiniog. An cire sirdi aka dasa masa kujera irin ta guragun da ke wasan sulɓi bisa ƙanƙara, aka ɗaure shi a ciki, aka ɗaure ƙafafunsa ga feda. Abokansa, cikinsu har da MacAskill da Chris Akrigg, su ke riƙe shi a wurin tashi, su kuma ke tarbarsa a wurin tsayawa. Mutumin da ya yi suna da ƙin sa ƙafa a ƙasa ya wayi gari ko ya so ba ya iya sa ta. Bai ce zai koma inda ya tsaya ba. Ya auna abin da ya rage masa, aka gyara keken daidai da jikin da yake da shi a ranar, kuma bai fita shi kaɗai ba. Tsohon gwanin Agye yawanci akasin ukun nan yake yi.

Likitoci sun bayyana dalilin da ya sa mintin farko ke ruɗin mutum. Iya daidaita jiki bisa keke yana zaune ne a wani sashe na ƙwaƙwalwa da ba ya saurin mantuwa, shi ya sa wanda ya koya yana yaro ba ya sake koyo. Amma nama yana raguwa. Bayan shekara 30, mutum yakan rasa tsakanin kashi 3 zuwa 8 cikin 100 na tsokarsa a kowace shekara 10, kuma mai zama ya fi mai noma asara. Jijiyoyin da ke haɗa tsoka da ƙashi sun fi tsoka jinkirin dawowa, suna bukatar watanni inda ita take bukatar makonni. Ƙwaƙwalwa ke nan tana ba da umarnin ɗan shekara 20 ga gwiwar ɗan shekara 50. Idan aka faɗi, hannu ke fara zuwa ƙasa, sai wuyan hannu ya karye, ko ƙashin da ya haɗa kafaɗa da ƙirji. Karayar wuyan hannu takan ci kimanin mako 6. Akwai kuma wani ɗan ƙashi a gindin babban yatsa wanda jini bai cika isarsa ba, yakan karye a ɗauka targaɗe ne, har hoton farko na asibiti wani lokaci ba ya nuna shi, in aka bar shi kuwa yana iya ƙin haɗewa. Masu ɗori sun yi wa ƙasar nan aiki tun kafin a gina asibiti, ba a musu, amma ɗan ƙashin nan ba a jin karayarsa da yatsa. Ciwon da ya kwana uku a wannan wuri bai sauka ba, sai a nufi asibiti a ɗauki hoto, ko da an riga an ɗaure. Ɗan kasuwa ya lissafa mako 6 na kaka ba ya iya ɗaga mudu, ma'aikaci ya lissafa mako 6 ba ya iya sa hannu a takarda.

Keken ma ba wancan ba ne. Na tiriyal ba shi da sirdi sam, nauyinsa bai kai kilo 10 ba, birkinsa na mai ne, yana kama ƙafa kamar an sa kwaɗo, har masu shi kan kankare bakin ƙarfen don kada ya zame. Haƙoran sarƙarsa 18 ne a gaba, 12 a baya, ƙafarsa kuma ƙarama, don haka juyin feda guda bai kai mita 3 ba, ƙarfi kawai yake bayarwa. Phoenix yana kusan kilo 20, birkinsa na sanda ne, juyin fedarsa guda ya haura mita 5. An ƙera shi don ɗaukar buhu da nisan zango, kuma a wannan babu na biyunsa. Wanda ya shekara 15 a jingine kuwa, robar birkinsa ta bushe ta zama kamar ƙashi, tayarsa ta tsattsage, tsatsa ta ci cikin ƙarfen da ke riƙe ƙafar gaba inda ido ba ya gani. Mai faci zai hura iska ya ɗiga mai ya ce a hau lafiya, domin abin da aka biya shi ke nan. Sai mai keke da kansa ya ce a kwance kan a duba.

Masu koyar da wasan a Turai ba su barin wanda ya dawo ya fara da tsalle. Tsayuwa cak ake fara sa shi, birki a riƙe, ƙafar gaba a ɗan karkace, a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, har ya iya minti guda. Bayan wannan sai tafiya a hankali cikin ƙaramin da'ira, sai hawa katakon da bai fi faɗin tafi ba yana kwance a ƙasa, kuma duk da hular kwano a ka. Makonni ake yi a haka. Yankin Maraɗi yana da abin da waɗancan ke saye da kuɗi, wato rairayi. Gulbin Maraɗi da rani, daga wajen Tibiri zuwa Gidan Rumji, katifa ce shimfiɗe, wanda ya faɗi a ciki ƙura kawai zai kakkaɓe. Amma ba can ake zuwa ba. Ƙofar gida ake yi, bisa siminti ko gaɓar gudro, saboda nan ne ƴan kallo suke.

Magadan gari na Agye, da Gazawa, da Gidan Rumji suna iya raba yaran da bakin kwalta ba tare da jiran wani shiri daga Yamai ba. Filin tiriyal na masu koyo tsofaffin tayoyin babbar mota ne, da kututturen itace, da kirtani, da mutum guda mai agogo da takarda. Tayoyin suna nan jibge a kowace tasha. Mai agogon ma akwai shi, shi ne wancan tsohon gwanin samariya, wanda ya san inda nauyin jiki ke zama sa'ad da ƙafar gaba ta bar ƙasa, kuma yana iya faɗa wa yaro da baki yana tsaye a gefe, wandonsa a sake.