Tankin Babur: Wutar Da Muke Zama A Kanta

Wata Asabar da hantsi na tsaya shan mai a wani gidan mai da ke kan hanyar shiga Ƙofar Wambai. A gabana akwai wani magidanci a kan babur irin mai tanki a gaba, ya ɗora ɗansa da bai wuce shekara biyar ba a kan tankin, a bayansa kuma ya ɗaure ƙunshin takalman roba da ya saro a kasuwa. Da layi ya zo kansa bai sauka ba, bai kuma kashe injin ba. Ya zare makulli, babur ya ci gaba da ruri domin makunnin ya riga ya suɗe, ya ɗan jawo yaron baya, ya buɗe murfi. Da mai ya kusa kawowa baki sai ya girgiza babur ɗin don ya ƙara karɓa. Mai ya tumbatsa, ya gangaro ta gefen tanki, ya ɗiga a kan injin, wani farin tururi ya tashi a tsakanin ƙafafun yaron.

Na ce masa, "Malam, don Allah da ka sauke yaron nan tukuna." Ya waiwayo ya yi murmushi, ba da raini ba, ya ce, "Alhaji, ai na fi shekara goma ina yin haka." Ya goge tankin da tsumma, ya cusa tsumman a aljihu, ya ja babur ɗinsa ya shige cikin cunkoso. Ba abin da ya faru. Kuma a nan wahalar maganar take, domin sau dubu ba abin da zai faru, mutum kuwa yakan ɗauki wannan dubun a matsayin hujja.

Mai karatu zai iya cewa me ya kai wannan shafi ga maganar tankin babur, ga manyan matsaloli sun yi mana katutu. Amsata ita ce, tun da gwamnatin jihar Kano ta hana sana'ar acaɓa a watan Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero, babur bai bar birnin nan ba, sai dai ya koma na gida. Shi ne motar malamin makaranta, shi ne ta ɗan kasuwa mai rumfa ɗaya, shi ke kai yara makaranta da safe, shi ke kwana a zaure da dare. A unguwannin cikin ganuwa, inda lungu ba ya ɗaukar mota, ba shi da abokin takara. Abin da ya shiga rayuwar mutane har haka ya cancanci a san yadda aka ƙera shi.

Abu na farko da ya kamata a gane shi ne, ruwan fetur ba shi ke kamawa da wuta ba, tururinsa ne. Fetur yana fitar da tururin da zai iya kamawa ko da sanyi ya kai digiri 40 ƙasa da sifili, balle a Kano da zafin watan Afrilu ke kaiwa digiri 40 sama da sifili. Idan tururin ya gauraya da iska, tsakanin kashi 1.4 zuwa 7.6 cikin ɗari kawai yake buƙata, sai ɗan tartsatsi ya ƙarasa aikin. Sannan tururin ya fi iska nauyi ninki uku zuwa huɗu. Ba ya tashi sama ya ɓace kamar hayaƙin itace, ƙasa yake sauka, ya bi daɓe kamar ruwa, ya taru a kwata ko a lungun ɗaki. A babur kuwa, abin da ke ƙasa da tanki shi ne injin, da fulogi da wayarsa, da salansa, wadda wuyanta kan yi zafin da ya wuce digiri 300, alhali fetur na iya kamawa da kansa a ƙasa da haka.

Waɗanda suka ƙera ƙananan babura sun san duk wannan, kuma sun ɓoye dabarun tsaro a jikin abin ba tare da sun yi mana dogon bayani ba. Dubi Vespa, wadda dattawanmu ke kira Basfa, har yau kuma akwai masu riƙe da tasu a cikin gari suna lallaɓa ta kamar ƙwai. Injiniyan jiragen sama ne ya zana ta, Corradino D'Ascanio, kamfanin Piaggio na Italiya ya fito da ita a 1946. Ya sa tankin a ƙarƙashin mazauni. Honda ta bi wannan tsari a Super Cub a 1958, babur ɗin da zuwa 2017 aka ƙera fiye da miliyan 100 nasa, kuma daga zuriyarsa ne irin waɗanda muke kira roba-roba suka fito. Hikimar a bayyane take ga wanda ya tsaya ya duba: ba yadda za ka sha mai kana zaune, dole ka sauka, dole wanda ka goyo ya sauka, dole ka ɗaga mazaunin. Kuma da makullin da ke kunna babur ake buɗe mazaunin, wato sai ka kashe injin kafin ka kai ga murfin tanki. Maƙerin bai dogara da hankalinka ba, ya tilasta maka ne cikin ruwan sanyi.

Mu kuwa mun iya warware irin wannan tilas. Makullin mazauni ya lalace, an ɗaure da robar taya, an wuce wurin. Makunni ya suɗe, makulli na zarewa injin na aiki, sai a ɗauke shi a matsayin sauƙi maimakon lalacewa. Na sha ganin wanda ya yanko makulli na biyu musamman don kada ya kashe babur a layi, saboda batir ya mutu, kik kuma na ba shi wahala. Ina gane uzurinsa, domin duk wanda babur ya taɓa mace masa a tsakiyar layi, ana yi masa oda ta baya, ya san irin kunyar. Amma ya sayar da babbar kariya ne a kan kuɗin batir.

Dabara ta biyu ita ce sararin da ake bari a saman tanki. Wuyan tankin yakan ɗan nutsa ciki da gangan, don idan mai ya taɓa ƙasan wuyan a tsaya, a bar iska a sama. Dalili shi ne fetur na kumbura da zafi, kusan kashi ɗaya cikin dubu a kowane digiri. Man da ya fito daga rumbun ƙarƙashin ƙasa da sanyinsa, idan aka cika tankin lita 4 da shi maƙil aka kafe babur a rana har ya ƙara digiri 15, zai ƙaru da kimanin cokali huɗu na cin abinci. Ba shi da wurin zuwa sai waje. Wanda ya girgiza babur don ya ƙara karɓa, wannan sararin ya cinye. Ya biya kuɗin man da zai tsiyaye a ƙasa, a lokacin da lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 kafin janye tallafi a watan Mayun 2023 zuwa sama da Naira 1,000 a ƙarshen 2024. Ko don aljihu ma bai ci riba ba.

Murfin kansa ba marufin kwalba ba ne. Yana da zoben roba mai hana yoyo, da ɗan ƙaramin hanci da ke barin iska ta shiga yayin da mai ke raguwa, in ba haka ba injin zai shaƙe ya mutu. A yawancin roba-roba akwai ɗan faranti kewaye da bakin tanki da siririn tiyo da ke kwashe abin da ya zube ya kai shi ƙasa, nesa da salansa. Ƙurar hunturu na toshe wannan tiyo, wani bakanike kuma ya cire shi lokacin gyara bai mayar ba, don a ganinsa ba shi da aiki. Murfi ya ɓata, sai a toshe da leda da tsumma. Tsumman da ya jiƙe da fetur lagwani ne, ba wani abu ba.

A nan zan ce wani abu da ya saɓa wa abin da aka saba ji. Kowane gidan mai ya liƙa hoton wayar salula da jan layi a kanta, ma'aikata kuma kan yi wa mutum tsawa idan ya amsa waya. Ba na cewa a yi waya a bakin famfo, domin tana ɗauke hankali. Amma binciken da aka yi a Amurka kan gobarar gidajen mai ya fi samun laifin tartsatsin da ke tashi daga gogayyar tufafi da jiki, ba wayar ba, kuma irin wannan tartsatsi a busasshiyar iska ya fi yawa, wato dai hunturunmu. Abin da ke ba ni mamaki shi ne ma'aikacin da ya hana waya shi ne zai zuba wa mutum mai injin na ruri, yaro na zaune a kan tanki. An tsare ƙofar taga an bar ta zaure a buɗe.

Shi ma bututun famfo, da motoci aka yi tunani lokacin da aka ƙera shi. Yana da ɗan rami kusa da bakinsa, idan mai ya rufe ramin sai ya katse da kansa. A mota bututun na nutsawa cikin dogon wuya, dabarar ta yi aiki. A babur tankin ba zurfi, ma'aikaci na riƙe bututun a sama yana leƙe da ido, ramin bai taɓa man ba balle ya katse. Ke nan kariyar da ta rage ita ce hannun yaron da ya wuni a tsaye a rana, wanda sau da yawa ba wanda ya taɓa koya masa komai sai karɓar kuɗi.

Tsadar mai ta ƙaro wata fuska da ba a cika magana a kanta ba. Wanda da yake cika tanki sau ɗaya a mako, yanzu na ɗari biyar yake sha, gobe ya sake. Kowane buɗe murfi wata dama ce ga tsautsayi, an kuma ninka ta sau biyar ko shida. Yawancin wannan ƙaramin ciniki ba a gidan mai ake yin sa ba, wurin 'yan bumburutu ne, da galan da mazurarin da aka yanko daga gorar ruwa, a gefen titi, kusa da mai shayi ko mai tuyar awara. Ba na daga cikin masu cewa a kore su a wayi gari, domin sana'ar ta samu gindi ne a inda gidajen mai suka gaza, kuma akwai gidajen da da ita suke ci. Amma bokitin yashi ɗaya da 'yan taku goma tsakaninsu da wuta ba su fi ƙarfin kowa ba, shugabannin kasuwa da masu unguwanni za su iya sa wannan sharaɗi ba tare da jiran Abuja ba.

Ƙofar Wambai kuwa ba wurin da za a yi wasa da wannan ba ne. Kasuwa ce ta roba da fata da yadi da gwanjo, kayan da duk wuta ke so, rumfa manne da rumfa, babura kafe a kowane saƙo. Mutanen Kano ba su manta da gobarar kasuwar Sabon Gari ta watan Maris na 2016 ba, wadda ta cinye dubban shaguna, kuma can akwai tituna. A cikin gari akwai lungunan da motar 'yan kwana-kwana ba za ta iya shiga ba ko da ta zo a kan lokaci. Da dare babur ɗin nan zaure ake shigar da shi a rufe ƙofa. Idan allurar kafireta ta gaji, mai na ɗiga a hankali har asuba, tururin na kwance a ƙasa inda almajiri ko saurayin gidan ya shimfiɗa tabarma, ga maganin sauro na ci a gefe. Famfon man da ke ƙarƙashin tanki, wanda yatsa biyu ke murɗawa, don wannan daren aka yi shi. Mutane da yawa ba su san shi da wani aiki ba sai juyawa zuwa rizab idan mai ya ƙare.

Sai masu walda. Tanki ya tsage, an zazzage man, an kai a liƙe. Tankin da babu mai a ciki ya fi cikakke haɗari a gaban wuta, domin cike yake da tururi gauraye da iska, daidai yadda fashewa ke so. Tsofaffin masu sana'ar sun sani, sukan wanke shi su cika da ruwa kafin su kusanto da wuta. Yaran da aka bari a shago ne abin tsoro.

Hukumomi na da nasu kaso. Hukumar NMDPRA, wadda dokar man fetur ta 2021 ta kafa, ita ke da alhakin lasisin gidajen mai, kuma ƙa'idar "a kashe inji, a sauka" ba ta buƙatar kasafin kuɗi, umarni take buƙata da mai duba ko ana bi. Hukumar SON ita ya kamata ta dubi murafu da tiyon mai da ke shigowa kasuwanninmu, waɗanda wasunsu wata uku ba sa yi sai su tsattsage. Bayan abin da ya faru a Majiya ta jihar Jigawa a watan Oktoban 2024, inda tankar mai ta kife ta kama da wuta ta hallaka mutane fiye da 150, an yi ta maganar wayar da kai. Amma an tsaya a kan tanka, ba a sauko kan lita huɗun da ke ƙarƙashin kowannenmu ba.

Idan kuma wutar ta riga ta tashi, kada a watsa ruwa, domin fetur a saman ruwa yake tafiya, ruwan zai kai shi inda bai kai ba. Yashi ake zubawa, ko a yi amfani da tukunyar kashe gobara mai gari. Wanda rigarsa ta kama kada ya ruga, ya kwanta ya yi birgima, a lulluɓe shi da bargo. Ƙunar jiki kuwa ita ce mai son ruwa: a yi ta kwarara mata mai sanyi, ba ƙanƙara ba, na tsawon minti 20, ba ƙwai, ba man goge baki, ba baƙin mai, sannan a nufi asibiti. Daga Ƙofar Wambai Asibitin Murtala ba nisa.

Da na koma gida ranar nan na ɗaga mazaunin tawa roba-robar, wadda nake ta yi wa wasu wa'azi a kanta, na tarar tiyon da ke kwashe malalar mai a toshe yake da busasshiyar laka tun daminar bara. Da tsinken tsintsiya na fasa shi.