Ku Daina Fakewa da Dauda

Dattawan ikkilisiya, da ku nake. Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a majami'unmu, daga Kafanchan zuwa Kagoro, Kwoi da Zonkwa. Da zarar asirin wani babba ya tonu, sai a ce, "To, ai Sarki Dauda ma ya faɗi." Shi ke nan an binne zancen. Mutumin ya koma kujerarsa ta gaba, ranar godiyar shekara kuma a kira shi da tafi ya buɗe baiko.

Ku dubi abin da ake yi wa yarinya. Tana cikin ƙungiyar mawaƙa, ko sakandare ba ta gama ba, sai ciki ya bayyana. Ranar Lahadi magatakarda ya miƙe ya karanta sunanta, an sa ta a horo. A karɓe rigar mawaƙa, a hana ta jibin Ubangiji, a nuna mata bencin baya kusa da ƙofa, inda duk mai shigowa sai ya kalli cikinta kafin ya kalli bagadi. Uwarta ta daina zuwa Zumuntar Mata don kunya. Wanda ya yi mata cikin kuwa kowa ya san shi, amma shi ya sayi kwanon rufin majami'a, don haka bakin kowa ya mutu. Ita ba mai tuna mata da Dauda.

Horo yana da wurinsa, ban ce a soke shi ba. Amma tunda Dauda kuke kira, ku buɗe Sama'ila na biyu, sura 11 da 12, ku karanta har ƙarshe. Sojojinsa suna yaƙi a Rabba, shi yana kwance a Urushalima. Ya ɗauki Batsheba, matar sojansa Uriya Bahitte. Da ciki ya shiga, ya kira mijin gida, har ya bugar da shi da giya don ya je ya kwana da matarsa asiri ya rufu. Uriya ya ƙi, ya kwana a ƙofar fada. Sai Dauda ya rubuta wa Yowab takarda a kai Uriya inda yaƙi ya fi zafi a janye a bar shi, ya kuma danƙa takardar a hannun Uriya ɗin. Bawan Allah ya ɗauki hukuncin kisansa da hannunsa bai sani ba.

Wa ya rufa wa Dauda asiri? Annabi Natan ya shiga fada ya ba shi labarin mai arzikin da ya ƙwace 'yar tunkiya ɗaya tilo ta matalauci, ya bar shi ya yanke hukunci da bakinsa, sannan ya gaya masa ido da ido cewa shi ne. Dauda bai kawo hanzari ba, bai tuna wa annabin da Goliyat ba. Ya amsa laifinsa, Zabura ta 51 shaida ce. An gafarta masa, amma jaririn ya mutu. Ɗansa Amnon ya yi wa 'yar'uwarsa Tamar fyaɗe, uban ya husata ya yi shiru, ɗan'uwansu Absalom ya kashe Amnon, daga baya ya kori uban daga gadon sarauta, har Dauda ya hau Dutsen Zaitun ba takalmi yana kuka. Duk wanda ya ce a bar shi domin Dauda ma ya yi, ku tambaye shi wane Natan ya saurara, a gaban wa ya tuba.

Labarin da ya fi kama da mu ma yana Farawa 38. Yahuza ya ji surukarsa ta yi ciki, nan take ya ce a fito da ita a ƙone. Ta aika masa da hatiminsa da sandarsa, ashe cikin nasa ne. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Shi dai Yahuza ya yarda cewa ta fi shi gaskiya. A Yohanna 8 kuma, da aka kama mace tana zina, ita kaɗai aka jawo gaban Yesu, alhali dokar Littafin Firistoci ta haɗa mutum biyun. Kun san yadda masu duwatsu suka watse, manya ne suka fara sulalewa.

Ba za ku ce ba ku sani ba. Tun 1932 Littafi Mai Tsarki yake cikin Hausa, kakanninmu da shi suka koyi karatu, makarantar tauhidi ta Kagoro kuma ta daɗe tana yaye fastoci. Tsoron mai kuɗi ne ya kama ku, da lissafin wanda zai kammala gidan fasto.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, mu ne muke kukan rashin adalci. Tun rikicin Kafanchan na 1987, da na Zangon Kataf a 1992, da abin da ya biyo bayan zaɓen 2011, muke cewa gwamnati ta hukunta mai laifi ko ɗan gidan wane ne. Da wane baki za mu ci gaba da faɗin haka, alhali a majalisarmu ta mutum goma muna duba aljihu kafin mu yanke hukunci? Matasa suna gani, shi ya sa wa'azin tsarki ya daina shiga kunnensu.

Idan za ku karanta sunan yarinya, ku karanta na namijin a rana ɗaya, ko da dattijo ne ko ɗan fasto. Ya ɗauki nauyin goyo da kuɗin makarantarta. Wanda ya cinye gonar cittar gwauruwa ya mayar kafin ya taɓa jibin Ubangiji, yadda Zakka na Yariko ya yi alkawarin biya ninki 4. Ku kuma je gidan yarinyar nan ku yi addu'a da ita da uwarta. In ba za ku iya ba, ku sauka ku ba waɗanda za su iya.