Filin Uwargida da Amarya: Ni da Wuƙar Inna

Yau ba labarin soyayya na zo muku da shi ba, abin kunyar da ya same ni ne a gidan surukaina.

Watanmu uku da aure muka tashi daga Birnin Kebbi zuwa Argungu gaida Inna, mahaifiyar maigidana. Kun san garin kifi ne, tun 1934 aka san shi da bikin kamun kifi a Matan Fada. Muna sauka aka kawo giwan ruwa. Don in nuna ni ma an koya mini aiki a gidanmu, na yi wuf na karɓa. Inna ta buɗe adaka ta ɗauko wata wuƙa cikin kube ta miƙo mini. Ashe tsarabar Makka ce da marigayi Malam ya kawo mata, ba kowa take ba ba.

Na gama aikina lafiya lau. Sai ƙarni ya dame ni, na sa yashi da soson ƙarfe na dirje ta son raina. Wayyo Allah! Da ta bushe sai ga ta duk ƙarce, kamar kaza ta yi tono a kanta. Gabana ya faɗi ras. Zuciyata ta ce in mayar cikin kube in yi shiru, amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na je na durƙusa na faɗa mata.

Ta daɗe tana kallon wuƙar, sannan ta ce, "Ɗiyata, yuƙa ce, ba rai ba. Tashi." Wallahi da ta yi faɗa da ya fi mini sauƙi. Na roƙe ta ta bar ni in tafi da ita Birnin Kebbi.

Wani ƙanen babana mai fentin mota ne ya buɗe mini ido. Ya ce, "Kalle ta da kyau a rana." Ashe irin wannan wuƙa, wadda ba ta ƙyalli kamar madubi sai sheƙi mai laushi irin na yadin satin, jikinta cike yake da siraran layuka masu bin hanya guda. Ƙarce kuwa layi ne da ya gitta musu. Gyaran shi ne a mayar da kowa kan sahu.

Ga yadda na yi. Na sayi samfefa baƙa ta masu fenti, wadda ruwa ba ya ɓatawa, mai lamba 400 da mai 600. Ku lura, yawan lamba shi ne laushinta. Na wanke wuƙar, na rufe kaifin da ƙotar da salatif don kada in yanke. Na kwantar da ita kan katako, na naɗe mai 400 a ɗan guntun itace mai faɗi, na jiƙa ta da ruwa. Sai in ja sau ɗaya ta inda layukan asali suka nufa, in ɗaga hannu, in dawo in sake ja. Ban da kai da komo, ban da zagaye, nan ne mata da yawa ke ɓata aikin. Da ƙarcen ya ɓace na koma mai 600, na bi duk faɗin wuƙar don kada wani wuri ya fi wani haske. Inda tambarin kamfani yake na sassauta hannu, don yana iya gogewa. Na juya ɗaya gefen, na wanke da sabulu, na share tas.

Kada ki ji tsoron tsatsa. Farin ƙarfen nan yana da sinadarin kuromiyam aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari, shi ke yi masa wata rigar da ido ba ya gani, in an goge ta iska na mayar da ita. Amma in wuƙar maƙera ce, sai kin shafa mata man gyaɗa bayan kin gama. Ƙarni kuma lemon tsami da sabulu sun ishe shi, ki ɗauraye nan take, ki bar yashi wa gindin tukunya.

Da Juma'a ta zagayo muka mayar. Inna ta juya ta, ta sake juyawa, ta yi murmushi. Ba ta mayar adaka ba, cikin jakata ta saka, ta ce, "Wanda ya iya gyara, shi ya iya riƙo."

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu. Taku har kullum.